Ƙera kayan adon albam a kwamfuta: GIMP, Photoshop ko Inkscape?

Da aka gama bikin ƙanwata, hotuna sun taru mana fiye da abin da za a iya kallo a zama ɗaya: na kamu, na ɗaurin aure, na yinin biki, na kai amarya. Hajiyarmu ta ce ita ba ta son abin da sai an miƙo mata waya kafin ta gani, albam take so wanda za ta ajiye a ɗaki ta riƙa nuna wa baƙi. Na ce to, zan haɗa a kwamfuta a kai a buga. Da na shiga intanet neman kayan adon da zan kewaye hotunan da su, sai na tarar kasuwa ce guda cike fal, amma duk abin da ke cikinta na wasu ne: jajayen ganyayen da ke zuba a ƙasashen sanyi, dusar ƙanƙara, kabewar bikin Turawa, maɓallai da furanni irin nasu. Kyau kam akwai. Sai dai kana ɗora hoton amarya cikin lulluɓi a kai za ka ga abin bai zauna ba. Nan na gane in ana son shafi ya yi kama da mu, sai mun ƙera kayan da hannunmu, kuma tambayar da ta biyo baya ita ce: da wace manhaja?

Ga wanda bai san harkar ba, a Amurka da Ingila akwai daɗaɗɗiyar al'adar ajiye littafi ana manna masa hotuna tare da tarkacen tunawa, tikitin jirgi, busasshen fure, katin gayyata, guntun yadi. Da kwamfuta ta yawaita sai aikin ya koma kanta. Masu yin sa suna da ma'aunin da kusan kowa ke bi. Shafi inci 12 ne tsawo da faɗi, wato kusan santimita 30 da rabi, ana zuba ɗigo 300 a kowane inci, sai ya ba da fiksil 3600 sau 3600. Takardar shimfiɗa, wadda hotuna za su zauna a kanta, a JPEG ake ajiye ta. Ƙananan kayan kuwa, firem da kirtani da fure da rubutu, sai PNG, domin ita ce ke iya barin bayan abu wayam, ta yadda in ka ɗora shi kan shafi ba zai zo da farin akwati a kewaye ba. In A4 za ka buga, lissafin ya koma 2480 sau 3508. Ka riƙe waɗannan alƙaluma, za mu dawo kansu idan mun zo maganar ƙarfin kwamfuta.

Abin da na so a ce an faɗa mini tun farko shi ne kayan adon nan iri biyu ne, kuma babu manhaja ɗaya cikin ukun da ta fi iya su duka. Akwai masu jiki: yadi mai zare-zare, jar fatar Sakkwato, takarda mai yagaggen baki, faifai, murjani. Kyawunsu yana cikin kaushi da ƙyalli da 'yan ƙananan aibi, saboda haka sai manhajar da ke aiki da ɗigo-ɗigo, wato Photoshop ko GIMP. Akwai kuma na layi: dagi, zayyanar bango irin ta tsofaffin gidajen Kano da Zariya da unguwar Birni ta Damagaram, aska takwas ta gaban babbar riga, zanen lalle. Su tsabtar layi da daidaiton ɓangarori ake nema, kuma nan ne filin Inkscape. Ita ba ɗigo take ajiyewa ba, lissafin lanƙwasar layin take ajiyewa, shi ya sa za ka iya buɗa zane daga girman kwabo zuwa girman allon talla ba tare da ya dusashe ba.

Photoshop aikin wasu 'yan'uwa biyu ne, Thomas da John Knoll, kamfanin Adobe ya fitar da ita a 1990, kuma tun 2013 sababbin fitowarta haya ake yi wata-wata ko shekara-shekara, ba a sayar da ita gaba ɗaya. GIMP ɗalibai biyu ne a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara ta a 1995. Kyauta ce, masu sa-kai ke ci gaba da gina ta, kuma a watan Maris na 2025 ta kai fitowa ta 3.0. Inkscape ma kyauta ce, an fara ta a 2003. Tarihin ya isa haka. Abu uku na ƙera wa albam ɗin nan, kuma a kansu na ga inda kowace take da ƙarfi.

Na farko guntun saƙi ne. Hajiya tana da wani tsohon zane, rinin baba mai ratsin fari, wanda ta gada daga tata mahaifiyar. Na roƙe ta aro, na goge shi da dutsen guga, na shimfiɗa gefe ɗaya a kan gilashin sikana, na ɗauka a ɗigo 600. Ka ɗauka sama da abin da kake bukata, ragewa ba ta ɓata hoto, ƙarawa ce ke ɓatawa. Da ya fito a allo sai ga abin da ido bai taɓa lura da shi ba: zaren wani wuri kauri wani wuri siriri, shuɗin ya koɗe a inda ake ninkewa, ga kuma wani ɗan wuri kamar girman farce da aka ɗinke da zaren da ba irin na sauran ba. Matsalar ita ce gilashin sikana bai kai faɗin shafin ba, dole a maimaita hoton gefe da gefe, kuma inda guda biyu suka haɗu sai layi ya fito ɓaro-ɓaro.

Maganin a GIMP shi ne ka gusar da hoton rabin tsawonsa da rabin faɗinsa da umarnin Offset, sai bakunan su dawo tsakiya su yi alamar giciye, ka bi su da kayan kwafe da na gyaran tabo har su ɓace. Akwai tacewa, wato umarnin da ke sauya kamannin hoto, mai suna Tile Seamless da ke yin wannan da dannawa ɗaya, amma kan yadi mai ratsi takan haɗa zare kan zare ya fito kamar hoton da hannu ya girgiza, don haka ban ba da shawararta ba sai ga abu marar tsari kamar yashi ko fata. Photoshop ta fi sauƙi a nan. Tun 2020 tana da hanyar nuna maka zanen yana maimaituwa ta ko'ina yayin da kake gyara, kuma kayanta na cike gurbi suna hasashen zaren da ya kamata ya zauna a wurin. Abin da zai ci maka awa guda a GIMP zai iya ƙarewa cikin rabinta. Amma in aka buga takardu biyun aka ajiye maka, ba za ka iya nuna wadda aka yi a wace ba. Shi saƙi ma ya zo da nasa sauƙin, tunda siraran ƙyallaye ake saƙawa a haɗa, in ka yanka daidai kan ɗinkin haɗin sai maimaicin ya zama kamar daga masaƙa yake.

Inda Photoshop ta yi wa GIMP nisa na gaske shi ne yanke abu daga bayansa. Na so in fitar da gezar zanen ita kaɗai ta zama kirtanin da zai ratsa ƙasan shafi. Abu mai santsin baki, kamar maɓalli ko tsabar murjani, kowace za ta yanke shi tsaf in ka bi bakinsa da alƙalamin zana hanya. Geza kuwa, da gashi, da tuntun hula, da bakin leshi, zare ne ɗaruruwa kowanne da inda ya nufa. Photoshop tana gane abin da kanta, sannan ta ba ka buroshin da ke tsefe bakin zare ɗaya-ɗaya. A GIMP sai ka yi haƙuri da abin rufe leya (leya ita ce kowace shimfiɗa cikin waɗanda ake ɗora wa juna su haɗu su zama hoton), kana shafa baƙi ya ɓoye, kana shafa fari ya bayyana. Ana iya rage wahalar tun wurin ɗauka: abu mai duhu ka sa masa farar takarda a baya, mai haske ka sa masa baƙin ƙyalle. Ko da wace ka yanke, kafin ka ajiye ka shimfiɗa baƙar leya a ƙarƙashi ka duba, sannan ka canza ta zuwa fara ka sake dubawa. Ɗan farin ƙurar da ke maƙalewa a baki ba ya nuna kansa sai ya hau shafi mai duhu, lokacin kuma an riga an buga.

Na biyu zanen lalle ne, kuma a nan GIMP ta ba ni mamaki. Na roƙi mai lallen da ta yi wa amarya ta zana mini irin furen da ta yi mata a bayan hannu, da baƙin biro a kan farar takarda. Na ɗauka, na ɗan ja haske har takardar ta zama fara fat, sannan na kira umarnin Color to Alpha na nuna masa fari. Nan take farin ya tafi, ba na fili kaɗai ba, har wanda ya gauraya da tawada a bakin layi, sai aka bar layin da laushinsa, inda biro ya danna da inda ya yi sama-sama duk suna nan. Na rina shi ja mai duhu irin na lallen da ya kama sosai, na ɗora a kusurwar shafi, ka rantse a kan takardar aka zana. A Photoshop ana kaiwa ga wannan sakamako, amma ta zagaye, mataki uku ko huɗu waɗanda ɗan koyo ba zai gano da kansa ba. Duk wanda yawancin kayansa daga zanen hannu za su fito, ko rubutun alƙalami da tawada irin na allo, wannan umarni kaɗai ya isa dalilin sauke GIMP.

Da na so in buɗa furen nan ya cika bangon albam sai ɗigon ya fara nunawa, layin ya yi bishi-bishi. Nan Inkscape ta shigo. Tana da umarnin Trace Bitmap, wanda ke bin hoton ya mayar da shi layin lissafi, daga nan girman da ka ga dama. Akwai abin da ake rasawa: 'yar rawar hannun mai zane takan goge, layin ya zama sumul kamar na inji. A bango hakan ya dace. A cikin shafi kusa da fuskar amarya, na GIMP na bari. Wani abu kuma da bai shafi manhaja ba: zanen na mai lalle ne. In na gida ne, godiya da ɗan ihsani sun wadatar, amma in sayarwa za ka yi, ku yi magana da ita tun farko ku daidaita. Haka zanen atamfa, yana da kamfanin da ya mallake shi. Ka sa ankon bikinku a albam ɗinku ba laifi, amma kada ka kwafe shi ka kai kasuwa.

Na uku dagi, kuma a kansa ba ni da wata tantama: Inkscape. Duk wanda ya taɓa gwada zana dagi ya san wahalarsa ba zagayen ba ne, saƙar ce. Layi ɗaya ne ke tafiya, a wannan mahaɗa ya bi ta sama, a ta gaba ya bi ta ƙasa, kuma in ka kuskure guda ɗaya duk wanda ya tashi yana ganin dagi a bangon fada da gaban riga zai ji wani abu bai yi ba, ko da bai iya nuna wurin ba. A manhajar ɗigo sai ka zana, ka goge mahaɗa ɗaya-ɗaya da hannu, in kuma daga baya ka ga layin ya yi siriri sai ka koma farko. Inkscape tana da wani aiki da ake ɗora wa layi mai suna Knot. Kai dai ka zana hanyar a kan layukan awo, shi zai buɗe giɓi a duk inda layi ya ratsa kansa, kuma kana iya zuwa kowace mahaɗa ka juya wanda ke sama ya koma ƙasa. Ka ƙara kauri, ka ja kusurwa, saƙar tana biye da kai. Ranar da na fara ganin wannan na daɗe ina juya mahaɗun ina kallo.

Ba dagi kaɗai ba. Firem mai maimaita ƙaramin zane a kewaye, Inkscape za ta ɗauki zanen ɗaya ta jera shi a kan layin da ka ba ta, ko madaidaici ko zagaye. Zanen faifai ko na saman hula, ka zana yanki ɗaya ka yi masa kwafi masu rai, waɗanda duk gyaran da ka yi wa uwar sai ya bayyana a jikinsu. Rauninta shi ne jiki. Dagin da ya fito daga cikinta a shafe yake kamar sitika, kuma in ka matsa mata da tacewar ƙyalli da kaushi a babban shafi sai ta yi nauyi. Abin da nake yi shi ne in fitar da shi PNG in kai GIMP, in cika shi da hoton zaren zinariya ko na fata, in ɗan tayar da bakinsa. Wurin fitarwar ka lura: Inkscape a ɗigo 96 take lissafi in ba ka canza ba, sai ka rubuta 300 da hannunka, in ba haka ba abin zai yi kyau a allo ya fito a dagule a takarda.

Sai inuwa, wadda ita ce ke sa ido ya yarda cewa abin a kan takarda yake zaune. Takarda kan takarda 'yar siririyar inuwa take so, maɓalli ya fi ta, fure ya fi su duka, kuma dukkansu gefe ɗaya za su faɗi kamar fitila guda ce a ɗakin. Baƙi ƙirin ba ya kama da gaskiya, ruwan ƙasa mai duhu ya fi. Shekara da shekaru wannan ne babban abin da ke tsare mutane a Photoshop: inuwa da ƙyalli da tudun baki suna zaune a gefen leya, ko bayan wata guda ka dawo ka rage ka ƙara, ko ka kwafe su ka zuba wa abu hamsin lokaci ɗaya. A tsohuwar GIMP in ka sa tacewa ta zauna ke nan. Fitowar 3.0 ta gyara wannan, yanzu yawancin tacewar suna nan a buɗe ana iya komawa kansu, kuma wannan ya rage tazarar ƙwarai. Shawara ɗaya da ta shafi kowace manhaja: kada ka manne inuwa a jikin kayan adon da za ka ajiye. Ajiye shi tsirara, sai ya hau shafi ka sa masa, domin in ka juya shi inuwar ma juyawa za ta yi ta saɓa wa sauran.

Tazarar da ta rage ta kasuwa ce. Masu wannan sana'a a ƙasashen waje da Photoshop suke magana. Salon leya da ake sayarwa, irin wanda dannawa ɗaya zai mayar da rubutu kamar zinariya ko ɗinkin zare, fayil ne na ASL, jerin umarni mai gudu da kansa kuma ATN, shafukan da aka riga aka tsara kuma PSD. GIMP tana karɓar buroshin Photoshop na ABR, tana buɗe PSD, amma salon leya ba duka ke fitowa daidai ba, ASL da ATN kuwa ba ta san su ba. Wanda ke da niyyar saye ko sayarwa a wannan kasuwa, ko yake musayar fayil da situdiyon da ke aiki da Photoshop, ya sa wannan a lissafi.

Mu koma kan alƙaluman can. Shafi mai 3600 sau 3600 fiksil miliyan 12 da dubu 960 ne. Kowane fiksil yana cin bayit 4, ke nan leya ɗaya mai cika shafi ta kai kusan megabayit 52 a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Leya 20 sun haura gigabayit guda, ban da abin da manhaja ke riƙewa don ka iya komawa baya. Adobe da kanta gigabayit 8 ta sa a matsayin mafi ƙaranci ga Photoshop ta yanzu, ta kuma ce 16 ya fi. Yawancinmu kwamfutar hannu ce ta gwanjo mai 4 ko 8. A irin wannan GIMP da Inkscape za su tashi su yi aiki, musamman in kana ƙera kowane abu a ƙaramin fayil nasa, kana datse kowace leya daidai girman abin da ke cikinta. Batun ɗaukewar wuta kuma, Photoshop da Inkscape suna ajiye kwafin ceto da kansu lokaci-lokaci, GIMP ba ta yi, sai ka saba wa yatsunka da ajiyewa bayan kowane mataki, musamman in batirin ya gaji.

Kuɗin hayar Photoshop da dala ake lissafa shi, kuma tana bukatar leƙa intanet jefi-jefi don tabbatar da biya. Ga mai situdiyo da ke haɗa albam duk mako, kuɗin yana fita daga aikin. Ga wanda zai yi na biki ɗaya da na suna ɗaya a shekara, bai dace ba. Na san abin da ake yi, a kai kwamfuta kasuwa a zuba mata fasasshiya. Ban goyi baya ba, don hakkin wasu ne, kuma irin waɗannan kwafin su ne hanyar da ƙwayoyin cutar kwamfuta suka fi bi, a na'urar da ka tara hotunan iyalinka. An ce araha ba ta ado, amma a wannan fage na ga ta yi: saƙin nan da lallen da dagin duk da kayan kyauta na kammala su.

Akwai wasu da ya kamata a ambata. Photopea, wadda Ivan Kutskir ya gina a ƙasar Cek, a cikin burauza take aiki, fuskarta kusan ta Photoshop, tana buɗe PSD da salon leyarsa har da ASL, talla ce ke biyan kuɗinta. In an turo maka PSD sau ɗaya a wata, ita ce mafita, sai dai babban shafi mai leya da yawa yana yi wa burauza nauyi. Affinity, ta kamfanin Serif na Ingila wanda Canva, mai dandalin tsara zane a intanet, ta saya a 2024, ta zama kyauta a watan Oktoba na 2025, kuma ta haɗa aikin ɗigo da na layi da tsara shafi a wuri ɗaya. Tana son rajista da asusun Canva da kwamfuta mai ɗan ƙarfi, Windows ko Mac. Mai irin wannan na'ura ya gwada ta kafin ya yanke shawara, domin zirga-zirgar da nake yi tsakanin manhaja biyu ita a gida ɗaya take yin ta. CorelDRAW kuma, wadda ita ce abincin yau da gobe a shagunan buga kati da kalanda a Najeriya, aikin layi take yi kamar Inkscape. Wanda hannunsa ya riga ya faɗa a kanta ba shi da dalilin barinta, ya nemi GIMP kawai don ɓangaren jiki. Canva ita kanta wurin jera kaya ce, ba maƙera ba: fitar da PNG marar baya sai mai biyan kuɗi, kuma ƙa'idarta ba ta yarda ka ɗauki kayanta ka sayar da su haka nan ba. Ka ƙera a wani wuri, ka loda mata, ka jera.

Rubutu ma ado ne, kuma nan muna da matsalar da Bature ba shi da ita. Yawancin kyawawan salon rubutun da ake saukewa ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Ka rubuta "Ɗaurin Aure" sai harafin farko ya fito akwati, ko manhaja ta aro shi daga wani salo ya tsaya daban kamar baƙo. Wannan ba laifin GIMP ko Photoshop ba ne, daga salon rubutun ne. Andika da Charis da Gentium da dangin Noto suna da su cikakku, ga mai son ajami kuma akwai Alkalami, wanda aka tsara bisa hannun rubutun ƙasar Kano. In kuma ka ƙwallafa rai a kan wani salon da ba shi da ƙugiya, Inkscape ce za ta fishe ka: ka rubuta da d ko k, ka mayar da rubutun zane, ka ja ƙugiyar da hannunka daidai kaurin harafin.

Kafin ka fara komai, je ka tambayi mai bugawa abin da yake so. Masu wankin hoto RGB suke karɓa, wato tsarin launi na allo, wanda kowace manhaja ke bayarwa. Masu injin buga kalanda da yawa sukan nemi CMYK, tsarin launi na tawada, kuma nan Photoshop da Affinity da CorelDRAW sun fi GIMP da Inkscape shiri. Shuɗi mai ƙyalli da kore shar sukan dusashe a tawada, don haka a buga maka shafi ɗaya gwaji tukuna. Ka bar rarar kamar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. In za ka tura kayan ado ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, domin in ya tafi a matsayin hoto za a matse shi, wayam ɗin bayansa kuma ya cike.

Da za a tambaye ni, ɗan koyo mai matsakaiciyar kwamfuta da datar da ake lallaɓawa ya sauke GIMP da Inkscape, sau ɗaya ne, daga nan ba ruwansa da intanet. Ya fara da GIMP in abin da ke ransa yadi ne da fata da zanen hannu, ya fara da Inkscape in dagi ne da firem da rubutu. Kowace za ta ci masa 'yan makonni kafin hannu ya saba, kuma GIMP ta fi gardama a kwanakin farko, don ko fitar da PNG ba ta wurin ajiyewa ake yi ba, ƙofarsa daban. Mai sabuwar kwamfuta ya fara leƙa Affinity. Mai cin abinci da albam, wanda ke yanke gyale da gashi da leshi kullum kuma lokaci kuɗi ne a wurinsa, ya biya Photoshop, ya ajiye Inkscape a gefe saboda dagi.

Albam ɗin ya fito shafi 24. Saƙin na sa shi shimfiɗar shafin da Hajiya ke riƙe da hannun amarya ranar kai ta ɗaki. Ɗan ɗinkin nan mai girman farce har na ɗora masa kayan gyaran tabo, sai na fasa, na bar shi a kusurwar ƙasa ta dama. Da aka kawo albam ɗin ta buɗe tana bi a hankali, da ta zo shafin sai ta tsaya, ta kai yatsa daidai wurin. Ta ce ƙusar gado ce ta kama zanen, Inna ta ɗinke shi da zaren da ya rage mata na hular Malam. Sannan ta ce a kira amarya a waya, tana so ta faɗa mata.